Jikana Mai Karatun Katun

Zuwa ga Amaryata, Kakata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki? Ya gwiwar nan da hawan bene? Ina fata kin daina kinkimar bokiti da kanki kina cewa motsa jiki ne. Ni na iso lafiya, in ban da mura da ta tare ni tun a tashar jirgi, kamar an aiko ta yi mini maraba.

Ga wasiƙa kamar yadda kika ce. Na san in waya na buga, ni in yi ta ihu, ke ki yi ta cewa "Wa? Wane ne?" har maƙwabta su san sirrin aurenmu.

Ɗakina can sama yake, ɗan ƙuƙut. In na miƙa ƙafa daga kan gado sai in rufe ƙofa. Tagar tana kallon bayan wani shagon wanki, kullum ƙamshin sabulu da hayaƙin guga. Maƙwabcina likitanci yake karantawa, yana da ƙasusuwan roba rataye a bayan ƙofa. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya dube ni da tausayi ya miƙo mini lemo.

Ranar da zan taho kin ce, "To Maigida, in an tambaye ni me jikana ke karantawa, in ce me?" Ki ce yana nazarin zanen mutanen Japan: littattafansu na labari cikin hotuna, da suke kira manga, da finafinansu na katun. In sun yi dariya ki bar su, dariya ba ta tsinka igiya. Amma ke ina so ki sani, ba zaman kallo muke yi ba. Muna bin tarihin abin: wa ya zana, wa ya buga, su wa suka saya, me ke damun mutane a lokacin. Ga kuma harshensu da nake koyo, wanda ya mai da ni ɗan aji ɗaya da gemuna.

A darasin farko Malamarmu ta haska mana wani guntun fim. Wata yarinya ce tsaye a bakin taga, ba abin da ke motsi sai labule. Da ta kashe ta ce, "Zane ɗaya tak kuka ƙura wa ido, kuma ba wanda ya yi hamma. Me ya riƙe ku?" Kowa ya kama kame-kame. Ta ce, "Amsar nan kuka zo nema." Duk zaman da na yi a ofishin Baba ina auna bututun ruwa, ba a taɓa yi mini tambayar da ta bi ni har gida ba.

Maganar Baba kuwa, kin ga bai raka ni ba. Na aika masa saƙo na sauka lafiya, ya amsa da "To." Har yanzu maganarsa ta ƙarshe na kunnena: "Injiniya na haifa, ya ajiye aiki ya tafi kallon 'yar tsana." Ban ce ki sa baki ba. Ki dai gaya mini ko yana lafiya.

Na sa miki littafi ɗaya a cikin kunshin nan. Rubutun da ke ciki kaɗan ne, kuma ba za ki iya karanta shi ba, ki bi hotunan kawai, ki faɗa mini abin da kika gani.

Naki har kullum,
Maigida

*

Zuwa ga mijin da ya gudu ya bar ni,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya, alhamdu lillahi. Murar nan ka sha ruwan ɗumi ka rufe ƙirji, kada ka bi ta kan ɗan likitan nan mai ƙasusuwa, bai kai ga darasin mura ba tukuna. Gwiwa tana nan da halinta. Idon hagu ne ya fara yi mini hazo-hazo, in na dubi fitila sai in ga ta yi gemu. Ni da na tsufa ina jinyar mutane a asibiti na san sunan abin, ba sai an gaya mini ba.

Babanka Injiniya lafiyarsa lau. Ya sake tayar da maganar in bar benen nan in koma gidansa. Na ce masa ranar da na kasa hawa zan aika a kira shi. Ya ce, "Mama, wa za ki aika, in kina ƙasa ko kina sama?" Ka ji ɗan da na haifa.

To littafinka. Na zauna da shi bayan la'asar, ban tashi ba sai da aka kira magariba. Da farko idanun mutanen ne suka dame ni, kowa ido kamar faranti, na ce waɗannan duk a kai su awo. Amma da na shiga labarin na manta.

Ga abin da na gani. Tsoho kwance a gadon asibiti, roba a hanci. Na ce to, irinka na rufe wa ido ba adadi. Sai ga shi ya tashi zaune. Aka sallame shi, ya koma gida yana cin abinci shi kaɗai. Can sai ga shi a maƙabarta. Ina juya shafi, ikon Allah, matar ta dawo! Ramammiya da farko, sannan ta yi ta murmurewa. Furfurarsu na raguwa, bayansu na miƙewa. 'Ya'yansu manya suka dawo gida, suka yi ta ƙanƙancewa har aka goya su, har suka ɓace. Ƙarshe ga su su biyu, saurayi da budurwa, lema ɗaya, ruwa na zuba, ko sunan juna ba su sani ba.

Maigida, na yi kuka, kuma ban ji kunya ba. Na ce mutanen nan sun iya ta'aziyya. Duk abin da duniya ta ƙwace wa bawan Allahn nan, mai zanen ya bi ɗaya bayan ɗaya ya mayar masa. Na tuna kakanka. In wannan ne karatun naka, ka yi shi da kyau.

Injiniya ya zo gyaran famfon kicin, ya ga littafin a kan kujera. Ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera. Ya ce, "Wannan ne karatun?" Na ce shi ne. Ya ajiye. Bayan tafiyarsa na nemi littafi sama da ƙasa, babu. Ni dai ban ce an ɗauka ba, amma littafi ba ya da ƙafa.

Ka riƙa cin abinci. Namiji ramamme ba ya yi mini kwarjini.

Kakarka

*

Amaryata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya idon? Don Allah ki je a duba, kada ki tsaya kina yi wa kanki likita. Mura ta sake ni.

Kaka, na karanta wasiƙarki na yi dariya har maƙwabcina ya buga bango. Na daɗe ina shawarar ko in gaya miki ko in bar ki da naki. Amma kin hana ni ƙarya tun ina ƙarami. Daga baya kika fara littafin. Su daga dama suke buɗe nasu, kamar littafin Larabci. Laifina ne da ban faɗa miki ba. Asalin labarin daga lemar ya fara, a gadon asibitin ya ƙare. Matar ba ta dawo ba. Ki yafe mini. Ni dai tun da na ji naki, na kasa komawa nawa.

Yanzu ga abin da ke cina, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Na miƙa rubutuna na farko, wanda na zuba duk ƙarfina a ciki. Malama ta kira ni ofishinta, wani ɗaki da littattafai suka cinye har kan kujerar baƙi, sai a tsaye na saurare ta. Ta miƙo mini takardun ta ce, "Wasiƙar soyayya ka rubuto mini. Na ji kana son finafinan nan, kowa a ajin nan yana son su. Me suke yi wa mai kallo? Da wace dabara? Ina hujjarka?" Ta ce in sake shi kafin ƙarshen zango, in bai tsaya da ƙafarsa ba, ba za ta iya riƙe mini gurbina ba. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi.

'Yan ajinmu yawancinsu sun girme ni a wannan fage ko da na girme su a shekaru. Suna jefa sunayen masana kamar masu wasan ƙwallo, ni ina gefe ina gyaɗa kai. A ajin harshe kuma, harafin da na haddace da safe kafin azahar ya canza mini kama. Akwai masu gyaran bututu a titinmu kwanakin nan. Jiya na tsaya a kansu ina kallo, na ga sun sa mahaɗin a karkace, hannuna har ƙaiƙayi yake. Can na san abin da nake yi, Kaka. A nan kuwa kamar kaza a masallaci.

Wataƙila Baba ya fi ni gaskiya. Wataƙila son abu daban, iya shi daban. Kada ki gaya masa na faɗi haka.

Ki rubuto da wuri. Wasiƙarki ce kaɗai abin da nake karantawa a garin nan ba tare da ƙamus ba.

Maigida

*

Maigida,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da jinkiri, da kuma wannan rubutu kamar tafiyar kaguwa. Ba na iya daɗewa a kan takarda yanzu.

Na je wurin likita. Ya duba ni sosai, ya ce magani ya gama nasa, ba abin da zai ƙara ba ni. Ya ce in koma gida in jira ranata. Dama na sani.

Na fara rabon kaya. Keken ɗinki na ba matar mai shago. Tukwanen manya na ba maƙwabciya. Agogon kakanka na ware maka, yana wurin babanka. Inda za ni ba a bukatar tarkace, ɗaki ɗaya ne, kuma a ƙasa yake. Na yi gardama iya gardamata, amma kowa da ranar da zai sauko.

Maganar karatunka tana raina. Ba ta gajeren rubutu ba ce, kuma yau ba ni da ƙarfinta. In Allah ya nufa za ka ji.

Ka yi mini addu'a.

Kakarka

*

Kaka,

Wace irin wasiƙa ce wannan? Na yi ta zuba ido makonni, kullum in sauka in duba akwati in hau da hannu wofi, sai kuma wannan ta zo. A tsaye na karanta ta a bakin matakala.

Tun yaushe kika sani? Me likitan ya gani? Me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ashe fushin Baba har ya kai ya ɓoye mini wannan? Na buga wayarki tana ta ƙara, na san tana cikin aljihun tebur inda kike jefa ta. Na buga ta Baba, bai ɗauka ba. Zan yi ta bugawa har ya gaji.

Na je ofishin makaranta na ce zan ajiye karatu. Suka ce sai Malama ta sa hannu. Ta dube ni ta ce, "Ka je ka ga kakarka, wannan ba ya bukatar izinin kowa. Amma takardar barin karatu daban ce, zan riƙe ta tukuna." Na ce ta sa hannu kawai, dama ba na tsinana komai a nan. Ba ta sa ba.

Ba na son agogo. Ke kika yi mini wanka bayan rasuwar Umma, ke kika zauna a bakin ajinmu ranar da na ƙi shiga makaranta. Ba za a ce ina can ina kallon zane aka rufe ki ba. Ina neman jirgi. Ki jira ni, don girman Allah ki jira ni.

Ban san ma ko takardar nan za ta riga ni isowa ba.

Jikanki

*

Zuwa ga Maigida sarkin gaggawa,

Assalamu alaikum daga matar da ka binne da ranta. Ina nan lafiya, ina cin abinci, ina yi wa babanka faɗa. 'Yar maƙwabciya ce ke rubuta mini wannan, in ka ga rubutu ya yi kyau kada ka ɗauka lahira ce ta gyara mini hannu.

Kai yanzu, yanar ido ce fa! Likita ya ce ɗigon magani ya gama amfaninsa, sai aiki, in jira ranar da za su kira ni. Ɗakin ƙasa kuwa na gidan babanka ne, wanda ke kusa da kicin, don an ce bayan aiki ba hawan bene. Na sa yarinyar nan ta karanta mini kwafin wasiƙar, wanda na fara ɓatawa kafin in aiko maka, ta riƙe baki ta ce, "Kaka, ai ko ni ce sai in sayi likkafani." To na karɓi rabin laifi. Ni na karanta littafinka daga baya, kai ka karanta wasiƙata daga kabari. An yi canjaras.

Wasiƙarka ta kuka ta iso bayan kun riga kun yi waya da babanka, amma bari ka ji yadda aka yi a nan, don kai muryar kawai ka ji.

Muna cikin ɗaure kwalaye, Injiniya na durƙushe yana fama da igiya, sai na ga wayarsa tana haske a kan tebur. Ya leƙa, ya kau da kai. Ta mutu, ta sake kamawa. Na ce, "Wane ne?" Ya ce, "Ba kowa." Na ce, "Ba kowa ne ke sa ka kau da kai?" Na ɗauki sandata na zungure shi a haƙarƙari. Ya ɗauka yana ɗaure fuska.

Ban ji abin da ka ce ba, ka san kunnen nawa. Fuskarsa na karanta. Ɗaurewar ta warware lokaci guda, ya miƙe tsaye, igiyar ta faɗi. Na ga bakinsa yana cewa, "Wa? Wa ya rasu?" Sai ya juyo ya dube ni, ni ma na dube shi. Ya ɗaga murya yadda har ni na ji: "Ga ta nan zaune tana cin zalina! Kai, yi shiru. Yi shiru mana, ɗana. Numfasa." Rabon da in ji ya ce "ɗana" da wannan murya tun kana cikin zazzaɓin ƙyanda. Ya fita matakala ya ja ƙofa. Shayina ya huce, na sake ɗora wani, shi ma ya huce, bai shigo ba. Da ya dawo ya ce ƙurar kwalaye ce ta shiga masa ido. Na ce ai kuwa ƙurar nan ta yi ƙoƙari.

Yanzu maganar da na ce tana raina. Matso kusa.

Ka ce ka ajiye karatu saboda ni. Firgitarka gaskiya ce, ban yi shakka ba, kuma ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Tsohuwa na son ta san akwai mai yi mata kuka. Amma na yi aiki a asibitin da ke kusa da makaranta, na san ciwon cikin da ke kama yara ranar jarrabawa. Ciwon na gaske ne, jarrabawar ma ta gaske ce. Malamarka ta ce ka zo ka gan ni, ba ta ce ka bar karatu ba. Kai ka ƙara wannan da kanka. Ka ga ƙofa a buɗe, mai mutunci, wadda ba wanda zai zarge ka in ka bi ta, ka ce bari in fice. To ba ta kaina ba. Kada ka fake da gawata tun ban mutu ba.

In ka gwada iya ƙarfinka abin ya ƙi, ka dawo, bututu ba su ƙare a duniya ba, ba kuma wanda zai yi maka gori a gabana. Amma matar nan ba ta ce ba ka iya ba. Cewa ta yi ba ka fara ba. Ranar farko da na riƙe allura, na kasa soka ta, babbar nas ta ce, "Tausayi kin iya, saura aiki." Na tsane ta wata guda. Ita ta mai da ni ma'aikaciya.

Ka je ka karɓo takardar nan ka yaga.

Kakarka, mai rai

*

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Mama ta tare, ɗakin ya yi mata, ko da yake ta ce tagar ta yi ƙasa. An sa ranar aikin idon. Zan kai ta da kaina, zan kuma sanar da kai da zarar an fito. Daga yau in ka kira zan ɗauka.

Ban iya doguwar wasiƙa ba. Littafin da ka aiko wa Mama yana wurina. Na ga lambobin shafi, na gane ta inda ake farawa. Ban gaya mata ba, na ga tana jin daɗin nata.

Akwai wurin da mutumin ya dawo daga jana'izar matarsa. Ya ɗora ruwa a wuta, ya buɗe kabad, ya sauko da kofi biyu. Sai ya tsaya da su a hannu. Ban san wanda ya gaya wa mai zanen nan ba. Ni ma haka na yi ranar jana'izar Ummanka, ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama. Kana ƙarami lokacin, kana barci a ɗakin Mama.

Har yanzu ban gane yadda mutum zai riƙe gida da wannan karatu ba, kuma ba zan ce na gane don in faranta maka ba. Maganar 'yar tsana dai na janye ta.

Ina da tambaya. Bayan kofunan, shafi biyu cur ba komai sai rufin gidaje da sama. Ba mutum, ba magana. A aikina, duk abin da ba ya ɗauke da nauyi cire shi ake yi. Na rufe shafukan da hannu na tsallake, sai na ji labarin ya rame, amma ban san dalili ba. Wane nauyi suke ɗauke da shi? Ka amsa mini yadda za ka amsa wa injiniya, kada ka ce mini "yana da kyau."

Ka gama abin da ka fara.

Babanka

*

Amarya mai sabon ido,

Na rubuta da manyan baƙaƙe don kada ki wahala. Sannu da jiki, sannu da jarumta. Baba ya kira ni kuna fitowa, ya ce kin gyara wa nas ɗin yadda ake naɗa bandeji tun kina kan gado. Na ce to lafiya ta samu.

Na karɓi faɗanki. Ya yi zafi, don ya sami wurin. Na koma wurin Malama, kafin in yi magana ta jawo takardar barin karatun daga ƙarƙashin kofin shayinta, duk ta yi zobe-zobe, ta ce, "Ka ga amfanin da na yi da ita."

Baba ya yi mini wata tambaya a kan littafin nan. Na zauna in ba shi amsa a layi kaɗan, sai abin ya ƙi ƙarewa. Kin san shi, in ka ce masa gini zai tsaya sai ya ce nuna mini. Dole na koma ɗakin karatu, na jera littattafai a kan tebur, na auna inda masu zane ke barin fili da inda suke cushewa, da abin da ke zuwa kafin filin da bayansa. Duk jimlar da na rubuta sai in ji muryarsa: "Ina hujja?" In goge. Na aika masa, na kuma kai wa Malama kwafi don ba ni da wani abin kaiwa.

Ta dawo mini da shi ja-wur da biro, kamar an yanka kaza a kai. Amma a ƙasa ta rubuta, "Yanzu muna iya yin gardama." Gurbina ya tsaya.

Kada ki yi guɗa tukuna: na faɗi jarrabawar harshe, sai na sake. Baba kuma ya amsa mini cewa kashi biyu na bayanina sun tsaya, na ukun yana yoyo. Mun yi ta musu a waya har katina ya ƙare, ya sake kira.

Ki gaya mini abin da kika fara gani da aka buɗe idon.

Maigida

*

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ga hannuna ya dawo, ka gani. Jiki alhamdu lillahi, sai gwiwa, ita kam ba ta san an yi sulhu ba.

Abin da na fara gani fuskar babanka ce, ya sunkuyo a kaina. Na ce, "Kai, yaushe ka tsufa haka?" Abu na biyu madubi. Wannan ba za mu yi maganarsa ba. Ka dai sani ka yi haƙuri da ni da yawa, kuma duk wanda ya ce maka labulen ɗakin nan fari ne, ƙarya yake.

Barka da gurbi. Harshen kuma ka bi shi a hankali, ba gudu zai yi ba.

Ga dalilin wasiƙar. Injiniya ya ce wai akwai taron masu aikin ruwa a wani gari da ke kusa da ku, wai tun da ya zo kusa, ƙila ya leƙo. Na tambayi yaron ofishinsu da ya kawo takardu, ya ce taron nan kowace shekara ana gayyatarsa, bai taɓa zuwa ba. To ka shirya. Kada ka nuna ka sani.

Ka share ɗakin. Ka ari kujera wurin ɗan likita, ka ce ya ɓoye ƙasusuwan. Kada ka jira ya ce ka yi haƙuri da baki, ba zai ce ba, kakanka ma bai taɓa cewa ba. In Malamarka za ta yarda, ka shiga da shi aji ya zauna a baya. Zai yi tambaya, ka daure.

Abu na ƙarshe. Ya sayi sabon takalmi saboda tafiyar nan. Na ga yadda yake taka shi a tsakar ɗaki, yana matse shi, kuma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. In kun fita zaga gari, ka riƙa tafiya a hankali. In kun ga benci, ka ce kai ne ka gaji.

Kakarka